Mu Goma Sha Biyu Muka Buga, Mu Huɗu Muka Rage

Hausari, Yerwa

Zuwa ga ɗana Babagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wushe, sannu da hanya. Ina fatan lokacin da za ka buɗe wannan takarda kun riga kun wuce Beneshek da Damaturu, kun bar shingayen sojoji a baya, kana zaune a mota da dogayen ƙafafun nan naka a naɗe, lafiya lau. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sauke ka Legas cikin aminci, ya haɗa ka da mutanen kirki a kulob ɗin da ya kira ka.

Na tura ta cikin jakarka ne, ƙarƙashin jesi, domin magana da kai baki da baki ta gagare ni. Sau uku ina zaunar da kai a makon nan. Kowane zama sai "To, Baba. Na ji, Baba," idonka kuma yana kan waya. Sunan mahaifina aka sa maka, shi ya sa bakina yake nauyi in zo yi maka tsawa, kai kuma ka gano haka tun kana ƙarami. To yau a rubuce zan yi, ka karanta ko ranka bai so ba.

Shekaranjiya na ɗaga kambas ɗinka don in duba ƙasansa, kamar yadda duk tsohon ɗan wasa yake yi in ya ga takalmi a ƙofar ɗaki. Sai ƙwayoyin kashe zafin ciwo suka zubo daga ciki, kati uku, biyu an shanye. Babagana, ni za ka ɓoye wa ɗingishi? Tun bayan sallar layya nake kallon yadda kake sauke ƙafar hagu in za ka tsallake kwatar ƙofar gida. Kuma ran nan da na biyo ta filinku a keke, na gan ka zaune a bakin layi ka dafe ƙirji, abokanka suna ta gudu. Da na tambaye ka a gida ka ce yunwa ce. Yunwa a ƙirji take zama?

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa zama na faɗa maka daki-daki ba. Mu goma sha biyu ne a ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando lokacin da ake kirana Modu Dogo, garin nan yana cika fili don ya kalle mu. Yau mu huɗu muka rage. In ka faɗa wa baƙo haka, sai ya girgiza kai ya ce ai Maiduguri ce, rikici ne ya cinye su. Ba haka ba ne. Biyu kawai rikicin nan ya ci, Allah ya jiƙansu. Sauran shida jikinsu ne ya ba da su, kuma a cikin wasunsu akwai hannuna. Wannan shi ne abin da yake hana ni sakewa in na gan ka da ƙwaya a takalmi.

Zan fara da gwiwata, tunda ita ka sani. Kai dai ka tashi ka ga ubanka yana salla a kan kujerar roba a ƙarshen sahu, ka ɗauka haka Allah ya halicce ni. A Kaduna abin ya faru, a wasan kusa da na ƙarshe. Na tashi kama ƙwallo, na sauko a kan ƙafar wani, sai na ji ƙas a gwiwar dama. Kocinmu, Malam Ishaku, mutumin Biu, ya durƙusa ya taɓa wurin, ya dube ni ya ce, "Modu, ka gama na bana. Benci."

Na ce, "Koci, targaɗe ne kawai."

Ya ce, "Ni na taɓa, ba kai ba. Zauna."

Da aka tafi hutun rabin lokaci na sulale bayan fili, inda wani mutum yake yi wa 'yan wasa allura a ɓoye. Ya soka mini ita a gwiwa, zafin ya ɗauke kamar an zare da hannu. Na dawo na yi tsalle sau biyu a gaban Koci, na rantse masa na warke, jama'a kuma suna ta ihun "Dogo! Dogo!" Ya sa ni ba don ransa ya so ba. Na buga har aka hura usur. Ka san abin haushin? An cinye mu. Na ba da gwiwata, ko kofin ban gani ba.

Da muka dawo gida aka ce in je asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Na ƙi, don na ji ana cewa za su sa mini siminti in yi watanni a kwance. Na tafi wurin mai ɗori ya murɗe ta, ya ɗaure da kara, bayan mako uku na koma fili. Na ƙara shekara biyu ina bugawa ina jan ƙafa, daga nan shi ke nan. Bayan shekaru masu yawa, ranar da bam ya tashi a bakin Kasuwar Litinin, kowa ya zuba da gudu. Ni da nake tashi sama in kama bakin kwando, wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta wuce ni a guje, da tasarta a kai. Na yi taku biyar, gwiwar ta ce ba da ita ba. Sai na koma rumfata na zauna cikin hulunan da nake sayarwa ina salati, ina jiran abin da Allah zai yi.

Don haka ka saurare ni. In ka ji ƙas a jikinka, ka fita daga fili da ƙafarka tun ba a fitar da kai ba. Idon sawun nan naka, ka kai shi a ɗauki hotonsa kafin ka sa hannu a kowace takarda. In likita ya ce hutun wata biyu, ka yi wata biyu, kada ka rage masa ko kwana ɗaya. Masu ihun sunanka a fili za su tashi su tafi gidajensu, gobe su yi ihun sunan wani. A cikin waɗanda suka yi mini "Dogo! Dogo!" a Kaduna, ko mutum ɗaya bai taɓa ɗaukar mini kujera zuwa masallaci ba.

Yanzu ƙwayoyin. Ka tuna Baba Kyari, wanda yake zuwa rumfa ya saya maka tsire kana firamare? Shi ne mai raba mana ƙwallo a fili, hannunsa kamar yana da ido. Kafaɗarsa ta dame shi wata shekara, ni kuma lokacin na riga na saba da ƙwaya saboda gwiwa. Ni na miƙa masa da hannuna. Na ce, "Sha biyu kafin tirenin, biyu bayan an tashi, ka manta kana da kafaɗa." Ya sha, ya ji daɗi, ya yi mini godiya har da addu'a. Tun daga ranar yake watsa su a baki kamar gyaɗa. Mun daina wasa, shi bai daina sha ba. Ciwon baya, ƙwaya. Gajiya, ƙwaya. Mai kyamis ɗin layinsu ba ya ma jira ya yi magana, yana hango shi zai miƙo.

Sai fuskarsa ta fara kumbura da safe. Muka riƙa tsokanarsa wai matarsa ta iya girki. Da aka kai shi asibiti aka ce ƙodarsa duka biyu sun gaji, kuma likitan ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana shan maganin kashe zafi. Ina tsaye a wurin. Kyari ya juyo ya kalle ni kawai. Har yau da ma zagina ya yi.

Aka shiga wankin ƙoda, a daidai lokacin da garin nan ya fi rikicewa. An hana acaɓa, ga dokar hana fita, wata rana a tashi da safe a ce ba shiga ba fita a unguwa gaba ɗaya. In ranar wankinsa ta faɗo a irin wannan rana, sai dai ya kwanta yana numfashi da ƙyar har a buɗe hanya. An ƙayyade masa ruwan sha, ɗan kofin shayi ne ma'auninsa, a zafin Maiduguri. Wata rana na je gaishe shi da azahar, ya riƙe kofin yana kallon cikinsa, ya ce, "Modu, ka tuna muna kafa kai a bokiti bayan tirenin har sai ciki ya yi ƙara?"

Na ce, "Na tuna."

Ya ce, "Wallahi shi nake mafarki. Ba kofi ba, ba wasa ba. Bokitin."

Bai kai damina ba ya rasu. Kuma ban taɓa buɗe baki na ce masa ya yafe mini ba, ina ta jiran ranar da zai ji sauƙi mu yi maganar a natse.

Babagana, wa ya ba ka waɗannan ƙwayoyi? Na san ba likita ba ne. Wani aboki ne mai ƙaunarka, kamar yadda nake ƙaunar Kyari. Na zuba su a masai, kada ka wahalar da kanka da nema. In ka sayi wasu a Legas ba zan gani ba, amma ƙodarka za ta gani. Kuma ko da wasa kada ka miƙa wa ɗan wani magani da hannunka. In abokin wasanka ya ce wani wuri yana masa ciwo, ka raka shi wurin likitan kulob, ka tsaya a bakin ƙofa har ya fito.

Maganar ƙirji ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma ita ce ka fi rainawa. Aji shi ne kyaftin ɗinmu, ya fi ni tsawo da ɗan yatsa uku, bai taɓa shan taba ba, ko goro ba ya ci. Bayan mun tsufa mukan haɗu ranar Asabar da la'asar mu ɗan jefa ƙwallo, ni daga tsaye, su suna ɗan gudu. Filinmu na da ya riga ya zama sansanin 'yan gudun hijira, an kafa tantuna a kan simintin, mata suna ɗaura igiyar shanya a jikin ƙarfen kwando. Sai muka koma wani ɗan fili a bayan wata makaranta. Wata rana ma'aikatan lafiya suka zo awon jini kyauta a kusa da wurin, wata nas ta ce, "Baba, ku zo a gwada ku mana." Ni na amsa mata, da bakin nan nawa. Na ce, "'Yata, hawan jini na masu tumbi ne. Mu 'yan wasa ne." Muka yi dariya muka wuce, Aji yana tafa mini.

Bayan kamar wata biyu ya zo fili yana cewa ƙeyarsa tana sara tun safe, idonsa yana ganin abu bibbiyu. Me babban likita Modu Dogo ya ce? Na ce, "Shiga ka yi gumi, zai sake ka." Ya shiga. Ya karɓi ƙwallo, ya ɗaga hannu zai jefa, sai ƙwallon ta zame ta bayansa, shi kuma ya sulale ƙasa a hankali kamar mai neman wurin zama. Muka kinkime shi muka sa a keke mai ƙafa uku, ƙafafunsa suna waje don keken bai ɗauke tsawonsa ba. A shingen farko layi ya yi tsawo, kowa ya sauka yana tafiya da hannu a sama. Na fito ina ɗingishi ina ihu, sojan ya leƙa ya gani, ya buɗe mana hanya nan take, Allah ya saka masa. Amma kafin mu kai ƙofar asibiti Aji ya cika, kansa a kan cinyata. Washegari a maƙabarta sai da masu haƙa suka sake shiga ramin suka ƙara masa tsawo, muna tsaye da gawa a rana muna jira.

Awon da bai fi minti biyu ba na hana shi yi, don in ba mutane dariya. To kai ma ga ka nan, ɗan shekara ashirin da biyu, kana dafe ƙirji kana ce mini yunwa. Tsawo da faɗin kafaɗa ba su ne lafiya ba. Mu dogaye zuciyarmu tana aikin da ya fi na kowa, kuma ba ta yin sallama in za ta tsaya. Ka ce a gwada jininka, a duba zuciyarka da na'ura, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da ka ji ranar nan, ko da hakan zai sa kulob ɗin su ce ka dawo gida. Ka dawo ɗin. Ɗakinka yana nan, burabusko bai ƙare a gidan nan ba. Na fi son a ce ɗan Modu bai yi sa'a a Legas ba, da a kira ni a waya a fara da "Baba, sai haƙuri."

Kuma takardunka na makaranta da ka ce za ka bari a gida wai ba ka bukatarsu, suna cikin jakar, a aljihun gefe. Ni na sa. Ka nemi inda za ka ƙarasa karatun nan ko na ƙarshen mako ne. Ni na bar aji saboda fili, fili kuma ya bar ni ina da shekara ashirin da tara. Ba don kawuna ya ba ni gefen rumfarsa ba, ban san abin da za ku ci ba.

Saura Koci Ishaku. Wannan ita ce wadda na fi jin kunyar rubutawa.

Bayan Kaduna ya riƙa ajiye ni a benci, yana sa ni minti biyar ya cire. Na ƙullace shi. Na riƙa faɗa a gari wai ya tsane ni, har na ce don addininmu ba ɗaya ba ne, Allah ya yafe mini wannan ƙarya. Mutumin da yake tsayar da tirenin in an kira salla, ya riƙe mana agogunanmu har mu idar. Gwiwata yake tausayi, ni kuma ina ganin ƙiyayya. Na yi shekaru in na hango shi a hanya sai in tsallaka.

Ciwon suga ya kama shi bayan ya yi ritaya. Wani ɗan ƙurji ya fito masa a yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa, aka yanke yatsan, daga baya aka yanke ƙafar daga gwiwa. A lokacin an katse layukan waya a garin nan, ba mai kiran wani. Sai ga babbar 'yarsa, Rifkatu, malamar makaranta, ta ratso gari da shingayensa ta zo har rumfata. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba Modu, Baba yana ta tambayarka. Ya ce a faɗa maka yanzu ka fi shi ƙafa, kai ya kamata ka zo."

Na yi dariya, na ce mata in sha Allahu ranar Asabar. Asabar ta zo, na ce gari ba lafiya. Wata Asabar ta zo, na ce unguwarsu da nisa, shingaye sun yi yawa, kuma me za a ce in an ga Modu yana shiga can a irin wannan lokaci. Duk gaskiya ne, kuma duk ƙarya ne. Mace ta bi hanyar nan ita kaɗai ta zo ta same ni. Abin da ya hana ni shi ne ban san da wane ido zan kalle shi in ce, Koci, kai ne da gaskiya.

Ya rasu ban je ba. Sun so kai shi garinsu, hanya ba ta biyuwa, sai a nan aka binne shi. Mu da muka rage muka je muka tsaya a harabar cocin da manyan rigunanmu, dogaye tsofaffi, kowa da abin da yake ja. Da aka fito na je yi wa matarsa, Mama Saratu, ta'aziyya. Ta ɗago ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Modu, ashe ka san hanya."

Na juya na fito da ɗingishina.

Za ka haɗu da koci a can wanda zai ajiye ka a benci ranar da kake ganin kai ne gwanin duniya. Kafin ka kumbura baki, ka tambaye shi dalili, cikin ladabi. Kuma duk wanda ya taɓa koya maka riƙe ƙwallo, ko ya buga tare da kai, in ka ji yana kwance, ka je a ranar. Kada ka ce Asabar. Tsohon ɗan wasa ba ciwo kaɗai yake kashe shi ba, har da shirun da yake biyo bayan ihu. Kocinka na nan ma da za ka tafi ba ka yi masa sallama ba, wai kana sauri, ka kira shi kafin ka sauka daga motar nan.

Na yi niyyar tsayawa a nan, amma na karanta abin da na rubuta sai kunya ta kama ni. Ina ta yi maka faɗa a kan ɓoye ciwo, alhali wata biyu ke nan ƙafafuna suna kumbura. In na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na take bayan takalmana na ce wa mutane zafi ne. Ban faɗa wa kowa ba, don na san abin da na sha a zamanina, kuma ina tsoron abin da za a ce mini. Ɗazu na ajiye biro na je kicin na sami mahaifiyarka, na ce, "Fanta, akwai maganar da nake so in faɗa miki game da ƙafafuna."

Ko juyowa ba ta yi ba, tana tuƙi ta ce, "Na riga na karɓo maka kati tun makon jiya. Ranar Talata ne, ƙarfe takwas. Jira nake in ga ranar da za ka gaji da yi mini ƙarya. Da kai da ɗanka duk ɗaya kuke."

To ka ji. Ranar Talata zan je, za a ɗebi jinina da fitsarina, kuma duk abin da aka gani zan faɗa maka yadda yake, ba ragi. Kai ma ka je naka a makon nan. Ba na son jin maki nawa ka ci, ba na son hoto da sabuwar jesi. Takardar likita nake so ka ɗauka a waya ka turo wa mahaifiyarka, tunda ita ce ba a iya ruɗa a gidan nan.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka ci abinci kafin tirenin, ka sha ruwa sosai. Allah ya kiyaye ƙashinka da jijiyarka da zuciyarka. Allah ya jiƙan Kyari da Aji da sauran 'yan'uwanmu, ya ba iyalan Koci Ishaku haƙuri, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina a Borno. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai kana tafiya da ƙafafunka, ka same ni da rai in ci gaba da yi maka faɗa. Amin.

Mahaifinka,
Modu